Dutse, maiƙo da ƙaro: yadda ake gina hoton litogiraf hawa-hawa

Duk wanda ya taɓa riƙe hatimi ya san yadda bugu yake: harafi ya taso sama ya ɗauki tawada, gefensa da ya lotsa kuwa ba ya taɓa takarda. A bugun farantin jan ƙarfe akasin haka ake yi, tawada ce ke kwanciya cikin tsagar da aka ƙwarzana, takarda mai laima ta zaƙulo ta. Litogiraf, wato bugun hoto daga fuskar dutse, bai bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ba. Fuskar dutsen a shafe take, babu tudu babu kwari, inda zai fito baƙi da inda zai zauna fari duk tsayinsu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne abin da kowace mai girki ta sani, wato mai da ruwa ba sa haɗuwa. Wani sashe na dutsen an koya masa son maiƙo, wani sashen an koya masa riƙe ruwa. Shi ya sa baƙon da ya kai yatsa don ya laluba zanen ba zai ji komai ba, amma maiƙon yatsan nasa zai iya fitowa baƙi a kan kowace takarda da za a buga.

Alois Senefelder ne ya gano hanyar, a birnin Munik na ƙasar Bavariya da ke Jamus ta yau. Marubucin wasan kwaikwayo ne da kuɗin maɗaba'a ya gagare shi, sai ya shiga neman yadda zai buga rubutunsa da arha. A 1796 ya yi rubutu a kan dutse da tawadar da ya haɗa daga kakin zuma da sabulu da kunkunniya, ya zuba asid ya cinye gefen haruffan har suka ɗan taso. Wannan dai har yanzu dabarar hatimi ce. Sai wajen 1798 ya gane cewa tasowar ba ta da amfani, maiƙo da ruwa da ƙaro sun wadatar. Shi da kansa "bugun sinadari" ya kira abin, kuma sunan ya fi dacewa da aikin fiye da litogiraf, wanda asalinsa kalmomin Girkanci biyu ne masu nufin dutse da rubutu.

Ba kowane dutse ne ke karɓar wannan aiki ba. Wanda aka fi yarda da shi dutsen farar ƙasa ne daga mahaƙar Solnhofen a Bavariya, laka ce mai tsananin laushi da ta kwanta a ƙasan ruwa mai natsuwa shekaru kimanin miliyan 150 da suka wuce, har ta daskare. Laushin ƙwayarsa ya kai ga a cikin irin duwatsun yankin aka tono kasusuwan tsohon tsuntsun nan Archaeopteryx a 1861, da sawun gashinsa ɗaya bayan ɗaya. Dutsen da ya adana sawun gashin tsuntsu zai adana layin alli komai sirantarsa. Mai launin toka ya fi tauri da matsewa, shi ake ajiye wa zane mai inuwa sassauƙa da bugu mai yawa. Mai launin rawaya ya fi taushi, ya fi shan maiƙo, asid kuma ya fi saurin cin sa. Kaurinsu yakan kai santimita 7 zuwa 10, domin siriri ba ya jure matsi. Dutse mai faɗin santimita 60 da tsawon 90 da kaurin 10 ya haura kilo 130, don haka a ɗakin bugu tura shi ake yi a kan tebur mai taya, ba a cicciɓarsa.

Hawa na farko na aikin shi ne wanda ba a gani a hoto, kuma shi ne ɗalibai suka fi ƙosawa da shi: gugar dutse. Ana ɗora shi a kan magudanar wanki, a jiƙa, a barbaɗa garin kabarandam, wani gari mai kaushi da ake guga da shi, sannan a riƙa juya wani dutsen a kansa ko faifan ƙarfe mai nauyi da mariƙi. Lambobin garin kamar na samfefa suke, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Da lamba 80 ko 100 ake kankare tsohon zane, a sake zubi sau uku ko fiye, sannan 180, a ƙare da 220 idan zanen alli za a yi. Tsakanin kowane zubi sai an wanke dutse da faifan fes, har gefuna da ƙasan faifan. Ƙwayar lamba 80 guda ɗaya da ta maƙale ta shiga zubin 220 za ta ja layi daga wannan gefe zuwa wancan, layin kuma zai fito fari a tsakiyar inuwar zane. Maganinsa ɗaya ne, a koma baya a sake.

Abu biyu ake nema a gugar nan. Na farko ƙaiƙayi: ƙananan tudu da kwari da ido ba ya rarrabewa, waɗanda alli zai maƙale a kan ƙololuwarsu, ruwa kuma ya zauna a kwarinsu. Na biyu daidaito. Hannu yakan fi daɗewa a tsakiya ba tare da mai shi ya sani ba, sai tsakiyar ta lotsa. Ana gwadawa da rular ƙarfe a tsaye da guntun takardar jarida a ƙarƙashinta, a ja takardar a wurare dabam-dabam. Inda ta zame ba tare da ta cije ba, nan akwai rami. Ana kuma auna kaurin kusurwoyi huɗu. Dutsen da gefe ɗaya ya fi kauri zai ba da bugu mai duhu a can da haske a nan, in an ƙara matsi don a gyara sai ya rabe biyu a cikin inji. A ƙarshe ana bi bakinsa da magagari a dakushe kaifin, don kada ya yanki takarda ko ya ɓantare.

Allin da ake zane da shi haɗin kakin zuma ne da kitse da sabulu da baƙin kunkunniya, wasu da ɗan ƙaron shelak don tauri. Baƙin da ke ciki don idon mai zane kawai aka sa shi, dutse babu ruwansa da launi, maiƙon yake karantawa. A lambobin kamfanin Korn's, lamba 5 ita ce mafi tauri da ƙarancin maiƙo, ƙananan lambobi kuma sun fi taushi da maiƙo. Inuwa mai kyau a hankali ake gina ta, da alli mai tauri da tsini, hawa kan hawa, domin maiƙon ya sauka a jikin ƙaiƙayin. Wanda ya danna alli mai taushi a tashi ɗaya zai ga baƙi mai daɗin ido, amma maiƙon a saman tudu kawai ya tsaya ya yi gada bisa kwaruruwan, kuma a wajen bugu zai fito da farare-farare kamar an watsa gishiri, ko ya cushe ya zama dunƙule.

Akwai kuma tawadar maiƙo ta ruwa da ake kira tush. Da kauri ana shafa ta da buroshi ta ba da baƙi ƙirin. Idan aka tsinka ta da ruwa tsaftatacce marar gishirin ƙasa, aka bar ta ta bushe da kanta a kan dutse a kwance, ƙwayoyin maiƙon sukan taru su yi wani zane mai kama da fatar kwaɗo. Shi ne mafi kyau kuma mafi wuyar riƙewa a duk sana'ar. Toulouse-Lautrec, mai zane ɗan Faransa, ya shahara da wata dabarar: ya tsoma buroshi mai tauri cikin tush, ya karce gashin, tawadar ta fantsama kamar yayyafi. Komai aka zana, a juye zai fito, dama ta koma hagu. Mai zane kuma yakan ɗora hannunsa a kan katakon da aka gitta bisa dutsen, domin gumi da amosanin ka suna barin tabon maiƙo, yawu kuwa yana toshe wurin ya hana alli kamawa.

Daga nan aikin ya koma hannun ƙaro, kuma a nan ne sana'ar ta Turai ta dogara da ƙasarmu. Ƙaron da ake so shi ne na dakwara, itaciyar da ke fitowa daga Senegal har Sudan. Sudan ce ta fi kowa fitar da shi, musamman daga Kordofan inda suke kiransa hashab, sai Chadi da Najeriya, inda ake tsaga dakwara da rani a Borno da Yobe da Jigawa. Shi ne dai ƙaron da almajiri ke haɗawa da gawayi ya yi tawadar allo. Halin da ya sa ake nemansa a ɗakin bugu shi ne yana narkewa a ruwa, amma idan ya sami fuskar farar ƙasa sai wani siririn rufi nasa ya manne, wankin ruwa ba ya cire shi, kuma rufin nan yana jan ruwa ya riƙe. Ana jiƙa awo ɗaya na ƙaro da awo biyu zuwa uku na ruwa ya kwana, a tace. Masu sayar da narkakke sukan kai shi maki 14 a ma'aunin kaurin ruwa na Baumé. Ƙaron da ya daɗe a zafi yakan yi tsami, tsamin kuma ƙarin asid ne da ba a lissafa da shi ba, don haka a shinshina kwalba kafin a zuba.

Kafin ƙaro ya taɓa zanen, ana barbaɗa garin rozin, wato daskararren danƙon itace da aka niƙa, a share da auduga, don ya kare siraran layuka daga cizon asid, sannan hodar talk, wadda ke busar da fuskar maiƙon ta yadda ƙaro zai iya kwanciya daf da shi ba ya gudu. Sai haɗin: asid na nitirik ɗigo-ɗigo cikin ƙaro mililita 30. Inda zane yake da haske da alli mai tauri, ɗigo 3 zuwa 5 ya isa, wani wurin ma ƙaro zalla. Matsakaicin zane yakan nemi 8 zuwa 12, baƙi mai nauyi da tush mai kauri kuwa 15 ko fiye. Waɗannan lambobi mafari ne kawai, domin ƙarfin asid da girman ɗigo da taurin dutse da zafin ɗaki duk suna sauya lissafi. Ƙwararre yakan ɗiga haɗin a bakin dutse inda babu zane ya ƙirga: kumfa nan take alamar ƙarfi ce, kumfa 'yar kaɗan bayan daƙiƙa goma ko fiye alamar sauƙi. Zane ɗaya zai iya cin haɗi uku, a fara rufe dutsen duka da ƙaro zalla, sannan a bi kowane yanki da nasa da buroshi mai laushi, ana motsa shi minti biyu zuwa uku. Asid ake ɗigawa cikin ƙaro, da safar hannu da tabarau, a wuri mai iska, kuma garin rozin ba abin shaƙa ba ne.

Me asid ɗin ke yi, tunda ba sassaƙa ake nema ba? Aiki biyu a lokaci guda. A ƙarƙashin zane yana warware sabulun da ke cikin alli, tsamin kitsen ya fita ya haɗu da sinadarin kalshiyam na dutsen, su zama wani sabulu da ruwa ba ya narkarwa, a cikin fatar dutsen kanta. A wuraren da babu zane kuwa yana share fuskar ya ba ƙaro damar mannewa da ƙarfi. Idan haɗin ya yi rauni, maiƙo zai ci gaba da yaɗuwa, inuwoyi su yi ta duhu daga bugu zuwa bugu har su toshe. Idan ya yi ƙarfi, zai ƙone siraran inuwoyi, su tafi ke nan. Cikin kurakuran biyu na farko ya fi sauƙi, domin ana iya ƙarawa a zagaye na biyu, abin da asid ya cinye kuwa sai dai a sake zanawa. Bayan haka ana tsane rarar, a goge da yadin auduga shara-shara da aka dunƙule, da sauri da ƙarfi, har ƙaron ya zama siririn rufi marar zane-zane. Ƙaro mai kauri yakan tsattsage in ya bushe ya ɓamɓaro zane, kuma yakan rufe saman maiƙon ya hana mataki na gaba aiki. Sai a bar dutsen ya huta, aƙalla awa ɗaya, in da hali ya kwana.

Mataki na gaba shi ne wanda ke tayar wa sabon mai zane hankali, domin a gabansa za a wanke zanen da ya yi makonni yana yi. Ana zuba turpentin ko litotin, masu narkar da maiƙo, a kan busasshen dutse, a goge da busasshen ƙyalle. Baƙin ya tafi, sai wata inuwa dishi-dishi ta rage. Ƙaro ba ya narkewa a turpentin, saboda haka rufinsa yana nan yana tsaron farin wurare kamar yadda ƙulli ke tsare farin yadi a marina. Ɗigon ruwa ɗaya a wannan lokaci zai huda rufin, maiƙo ya shiga inda bai kamata ba. Sannan a shafa ruwan kwalta siriri, ya cika gurbin allin ya ƙara wa zanen maiƙo. Idan ya sha iska, sai a kawo soso da ruwa a wanke: busasshen ƙaron ya narke ya tafi da kwaltar da ke kansa, ta zauna a kan zane kaɗai.

Daga wannan lokaci dutsen ba zai sake bushewa ba matuƙar yana buɗe. Mutum ɗaya na riƙe da soso, ɗaya da rola. Rolar baƙi ta fata ce mai gashi-gashi, tawadar kuma mai tauri, an murza ta siririya a kan faranti. Laimar da ake so ita ce wadda ta dusashe ƙyallin dutse ba ta kwanta ba. Ruwa ya yi yawa rola ta zame, tawada ta sha ruwa ta mutu, ya yi kaɗan kuma rola ta baƙanta dutsen gaba ɗaya. Tafiyar rola ma magana ce: a hankali da danni tana ajiye tawada, da sauri da sauƙin hannu tana ɗebe ta, kuma da wannan saurin ake tsince dattin da ya fara kama farin wuri. Ana bi, a jiƙa, a sake bi ta wata fuska, har zanen ya dawo daidai da yadda aka zana shi, kada ya ɗara. Sai rozin da hoda da haɗin ƙaro karo na biyu. Wannan zagaye shi ne ke zaunar da hoton. Wanda ya tsallake shi don sauri yakan sami takardu goma masu kyau, sauran kuma kowace ta fi ta gabanta duhu.

Injin bugun dutse jan matsi yake yi, ba saukar da shi a tashi ɗaya ba. Dutse na kan gado mai tafiya, takarda a kansa, sai takardun taushi biyu ko uku, sai faifan roba mai santsi da aka shafa wa man shafawa a bayansa. Daga sama sandar katako ko roba mai bakin fata ke saukowa ta danne, a juya hannu gadon ya wuce ƙarƙashinta. Sandar ta fi zanen faɗi amma kada ta kai faɗin dutse, kuma ana sa alamar inda matsi zai fara da inda zai tsaya, duka a cikin dutsen, domin sandar da ta faɗo daga baki tana iya ɓalle shi. In gado ya tsaya a tsakiya, layi zai fito a hoton. Takardun farko huɗu zuwa shida na jarida ne, ana ƙara tawada sannu a hankali har hoton ya cika. Bayan su ake kawo takardar auduga irin Rives BFK ko Arches, mai nauyin giram 250 ko kusa da haka a kowace murabba'in mita.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan launi ɗaya ne. Hoto mai launi bakwai dutse bakwai ne, ko dutse ɗaya da aka goge aka sake zanawa sau bakwai, kowanne da gugarsa da ƙaronsa da gwajinsa. Godefroy Engelmann ya yi rajistar hanyar bugun launi a Faransa a 1837, kuma kafin ƙarnin ya ƙare bangon Faris ya cika da fastoci masu launi. Fastar Moulin Rouge da Toulouse-Lautrec ya yi a 1891, mai tsayin kusan mita 2, launi huɗu ce kacal, kuma darasin da ke cikinta shi ne yawan duwatsu ba shi ke kawo kyau ba. Mai zane yakan fara da zanen jagora mai ɗauke da iyakokin siffofi, a kwafe shi a kan kowane dutse da jan garin da ba shi da maiƙo, don ya nuna hanya ba tare da ya fito a bugu ba. A kan kowane dutse da baƙin alli ake zane, ko da rawaya za a buga da shi. Wato mai zane yana duban baƙi yana lissafin rawaya, yana kuma lissafin abin da zai faru idan shuɗi ya hau kanta.

Tawadar litogiraf siririya ce, haske na ratsa ta ya dawo daga farin takarda, kuma ana ƙara mata man tawada marar launi don ta ƙara barin na ƙasa ya bayyana. Shuɗi a kan rawaya kore ne, saboda haka dutse biyu na ba da launi uku, dutse uku na ba da bakwai, ban da inuwoyin da ƙaiƙayin alli ke haifarwa. Jerin ma yana da tasiri, ja a kan shuɗi dabam yake da shuɗi a kan ja. Yawanci daga mai haske ake farawa a ƙare da mai duhu, amma wannan al'ada ce, gwaji ne ke yanke hukunci. Tawadar launi ta fi baƙa laushi, ta fi son yaɗuwa, sai a taurara ta da garin magnisiyam kabonet. Rolar launi ta roba ce, kuma gara kewayenta ya fi tsawon zanen, in ba haka ba inda ta zagayo ta sake sauka zai bar layi a cikin shimfiɗaɗɗen launi. Tsakanin launi da launi akwai jira na kwana ɗaya ko fiye. In an yi gaggawa, na ƙasa zai tashi ya manne a dutse. In an bar shi ya bushe ƙarau har ya yi ƙyalli, musamman bayan hawa uku ko huɗu, sabon launi ba zai sami inda zai kama ba, sai ya tsaya ɗigo-ɗigo.

Sai saiti, inda hoto mai launi ya fi mutuwa. Hanyar da aka saba ita ce a ja alama mai siffar T a bayan takarda a gefe ɗaya, da ɗan layi a ɗaya gefen, a ƙwarzana makamantansu a kan kowane dutse. Wasu kuma huda takardar suke yi su zaunar da ita a kan ƙusoshin ƙarfe. Kuskuren milimita ɗaya ido na ganinsa, farin layi zai fito tsakanin launuka biyu. Abin da ke rikita lissafi shi ne takarda tana miƙewa a ƙarƙashin sanda, tana kumbura da laima, tana tsukewa da bushewa. Don haka aikin launi da busasshiyar takarda ake yinsa, a fara wuce da ita cikin inji a kan dutse marar zane sau biyu ko uku ta gama miƙewarta, kuma kowane launi ta shiga ta fuska ɗaya. Bugu 50 mai launi 7 na nufin a jiƙa, a bi da rola, a saita, a ja inji sau 350, ban da gwaji. Mai hankali da takarda 60 ko fiye yake farawa, domin kowane hawa yana cin nasa rabon.

Yanayin ɗaki yana cikin lissafi fiye da yadda littattafan koyarwa na ƙasashen sanyi ke nunawa. Wanda zai yi wannan aiki a Zariya ko Zinder cikin hunturu zai tarar dutse na bushewa kafin rola ta kai ƙarshensa, ga ƙura da ke sauka a kan tawada ta bar fararen ɗigo masu zobe. A bazara kuwa zafi na narkar da tawada da alli, maiƙo ya yaɗu, asid ya ƙara kaifi. Dabarun su ne a rage haɗin asid, a taurara tawada, a yi aiki da sassafe, a rufe tagogi, a ɗiga ɗan giliserin a ruwan soso don ya jinkirta bushewa. Idan wani hazo na tawada ya fara kama farin wuri, rufin ƙaro ne ya raunana, a tsaya a share a sake shafa ƙaro tun bai zauna ba.

Dutsen da aka riga aka rufe da ƙaro ba ya karɓar sabon zane, sai an buɗe shi da ruwan tsami mai sauƙi, na sitirik ko na asetik, wanda ke cire rufin. Gogewa kuma da dutsen goge ko reza ake yi, a bi wurin da haɗin ƙaro. Kowace buɗewa tana ɗan cin ƙaiƙayi, don haka gyara yana da iyaka. Picasso ya kai iyakar nan a maɗaba'ar Mourlot a Faris, tsakanin Disambar 1945 da Janairun 1946, inda ya yi ta ƙari da kankara a kan dutse ɗaya, aka buga hoton bijimi a matakai 11, daga dabba mai tsoka da nauyi har ya rage 'yan layuka. Rabin wannan aiki na mabugan da suka riƙe dutsen da rai ne. Don a samar da irinsu wata mai zane, June Wayne, ta kafa cibiyar Tamarind a Los Anjeles a 1960, lokacin da sana'ar ke neman ɓacewa a Amurka, kuma tun 1970 cibiyar ke ƙarƙashin Jami'ar New Mexico tana horar da mabuga.

Dabarar ta iso mana ta wata ƙofa. Da yake litogiraf na ɗaukar rubutun hannu yadda yake, ya dace da al'ummomin da ba su gamsu da haruffan dalma ba. A Fas ta Maroko an shiga buga littattafai da dutse a shekarun 1860, da rubutun Magariba na hannun magwafa. Injin ofset da ya bazu tun farkon ƙarni na 20 jikan wannan dutse ne: farantin alminiyam a madadin dutse, rolar ruwa a madadin soso, da bargon roba da ke karɓar hoto ya miƙa wa takarda. Da shi ake buga littattafan Larabci da ajami na rubutun hannu da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi, kuma mabugin da ya taɓa shafa wa faranti ƙaro kafin ya tashi aiki ya san rabin abin da ke cikin wannan bayani. Masu zane ma suna aiki da farantin alminiyam mai ƙaiƙayi, sai dai shi asid na fosforik yake so, ba nitirik ba, kuma ba ya haƙuri da gyara kamar dutse.

Wannan dangantaka ce ke ba 'yan kasuwa damar kiran hoton zanen da aka ɗauka da kyamara aka buga da ofset da sunan litogiraf. Ta fuskar sinadari ba su yi ƙarya ba, ta fuskar aiki kuwa abubuwa biyu ne mabambanta, kuma mai saye ya cancanci a gaya masa wanne yake biya. Gilashin ƙara girma na raba gardama: bugun inji ɗigo ne jere reras cikin launuka huɗu, na hannu kuwa ƙwayoyinsa a warwatse suke yadda ƙaiƙayin dutse ya ba da, kowane launi shimfiɗe da tawadarsa, ana ganin inda ɗaya ya hau ɗaya.

Idan gwaji ya kai inda mai zane ya gamsu, yakan sa hannu a kan takarda ɗaya ya rubuta bon à tirer, wato ta yi a buga, kuma da ita ake auna kowace takarda da za ta biyo baya. Wadda ta kauce a yaga ta. Waɗanda suka tsira a sa musu hannu da fensir da lamba, 12/50 na nufin ta goma sha biyu cikin hamsin. Lambar ba ta nuna wadda ta fi kyau ko wadda ta fara fita daga inji, domin bayan an gama duka ake jera su. Akan ware 'yan kaɗan na mai zane da na mabugi, maɗaba'a kuma ta danna tambarinta marar tawada a kusurwa. Daga nan a soke zanen da layi ko a kankare wani sashe, a buga takarda ɗaya ta shaida cewa ba za a ƙara ba, dutsen ya koma magudanar wanki. Maiƙon tsohon zane ya shiga fatar dutsen fiye da inda ido ke gani, shi ya sa bayan baƙin ya ɓace ake ci gaba da lamba 80. Ana jiƙa dutsen a duba ta gefe cikin haske: muddin ana hango fatalwar tsohon hoton tana korar ruwa, za ta ɗauki tawada a tsakiyar zanen mutum na gaba, sai a ƙara zubi.